Jariri Mai Ciwon Zuciya: Kirgen Jini, CRP Ko PCT, Wanne Za A Fara Biya?

A cikin jarirai dubu da aka haifa da rai, kusan takwas zuwa tara suna zuwa da matsala a ginin zuciyarsu. A bakin mutanenmu duk sunansa ɗaya, rami a zuciya, alhali iri-iri ne. Akwai ƙaramin rami da kan toshe da kansa kafin yaro ya fara tafiya. Akwai kuma wanda manyan jijiyoyin zuciya suka fito a juye ko a shaƙe, wanda in ba a yi wani abu ba cikin kwanaki ko makonni, jaririn ba ya kai labari. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara su ne masu tsanani, masu buƙatar tiyata ko wani aiki tun a shekararsu ta farko.

Da zarar an kwantar da irin wannan jariri a ɗakin jarirai, a Katsina ko a Daura, sai takardun gwaji su fara fitowa. Uba ko kawu ya tsaya a bakin lab da takarda an rubuta FBC, wato kirgen ƙwayoyin jini, an rubuta CRP, wani lokaci har da PCT, biyun nan masu auna kumburi a jini, ga kalca mai neman ƙwayar cuta a jini, ga hoton zuciya yana jira, kuɗin aljihu kuma ba zai ɗauki duka a rana ɗaya ba. Ga kuma maganar da ake ta yi a 'yan shekarun nan, cewa wasu alƙaluma na cikin jini suna iya nuna yadda jaririn zai kaya. Wannan rubutu na wanda ke tsaye a tsakanin waɗannan ne, iyaye da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Hukunci na likitan da ke ganin jaririn ne, amma wanda ya san abin da kowane gwaji ke faɗa ya fi iya tambaya, ya fi kuma iya tsara kuɗinsa.

Tun daga nan zan faɗi inda na tsaya. Makomar jariri mai ciwon zuciya tana rataye ne a kan irin lahanin, da yawan iskar oksijin da ke jininsa, da nauyinsa, da ko bakwaini ne, da kuma saurin isarsa hannun ƙwararru. Gwaje-gwajen kumburi suna amsa wata tambaya ce daban, mai muhimmanci ita ma: shin akwai abin da jikin ke yaƙi da shi yanzu, kuma yaƙin gaba yake yi ko baya?

Me ya haɗa kumburi da zuciya

Kumburin da likitoci ke nufi a nan ba a ganinsa da ido. Tashin garkuwar jiki ne a cikin jini, kuma a jariri mai ciwon zuciya abu uku ne kan tayar da shi. Na farko ƙwayoyin cuta, waɗanda kan shiga ta cibiya, ta wurin allurar ƙarin ruwa, ko ta huhu. Na biyu ƙarancin oksijin da ƙarancin jinin da ke isa ga gaɓoɓi, musamman hanji, shi ya sa waɗannan jarirai suka fi sauran haɗarin ruɓewar hanji. Na uku tiyata ita kanta, domin idan jini ya bi ta injin da ke maye gurbin zuciya da huhu lokacin aiki, garkuwar jiki tana tashi ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya.

Ga inda aka fi ruɗewa. Kowane jariri yana da wata 'yar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu tun yana ciki, kuma takan rufe da kanta cikin kwanaki na farko bayan haihuwa. Wasu masu ciwon zuciya da wannan jijiya suke rayuwa. A haife su lafiya lau, a sallami mai jego, sai ana shirin suna jariri ya daina kama nono, numfashi ya yi sauri, jiki ya yi sanyi, ya yi laushi. Kamanninsa ɗaya da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ba mai iya raba su da ido. A fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda daidai ne a fara, amma idan aka tsaya a nan ba a duba zuciya ba, ana can ana jiran magani ya yi aiki jijiyar tana ƙara rufewa. Duk wanda zai zaɓi gwaji ya riƙe wannan a ransa.

Ma'aunan da za a duba

Abu biyar nake auna kowane gwaji da su. Wace tambaya yake amsawa. Yaushe yake tashi bayan matsala ta fara, kuma yaushe sakamako ke fitowa. Tsadarsa, wanda zan faɗa ta hanyar jerawa, domin sinadaran gwaji daga waje ake shigo da su, farashi kuma yana bin canjin Naira. Juriyarsa, wato ko yana buƙatar wuta da firiji, ko jinin zai jure tafiya a zafin watan Afrilu, da kuma tsawon lokacin da sakamakon ke da amfani. Na ƙarshe haɗarinsa: jinin da za a ɗiba, da yiwuwar ya ɓatar da mai karanta shi.

Maganar ɗibar jini ba ƙarama ba ce. Jariri yana da jini kusan mililita 80 zuwa 90 a kowane kilo, don haka mai kilo uku duk jininsa kusan rabin ledar fiya-wata ne. Idan zuciyarsa ba ta kai oksijin yadda ya kamata, kowane ɗigo yana da aiki.

Kirgen ƙwayoyin jini da lissafin NLR

Wannan shi ne FBC, wanda ake zuba jininsa a kwalba mai murfi shunayya. Shi ne mafi araha a cikin ukun kuma mafi samuwa, kusan kowane babban asibiti da lab mai zaman kansa yana yin sa, sakamako kuma kan fito a ranar. Da ƙaramar kwalbar jarirai, rabin mililita ya isa.

Abin da ya sa ake maganarsa sosai yanzu shi ne, daga takarda ɗaya ana iya fitar da alƙaluma da yawa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai nutrofil, masu fita da sauri idan jiki ya shiga matsi ko cuta ta shigo, akwai limfosayit, waɗanda kan ragu a irin wannan hali. Idan aka raba adadin na farko da na biyu, shi ne NLR. Misali takarda ta nuna nutrofil 6.0, limfosayit 3.0, NLR ya zama 2. Haka ake raba ƙwayoyin daskarar da jini da limfosayit a samu PLR, ko a haɗa ukun a samu wanda ake kira SII. Bincike da dama a cibiyoyin tiyatar zuciyar yara sun nuna cewa yaran da NLR ɗinsu ya yi sama, kafin aiki ko bayansa, sun fi daɗewa a kan injin numfashi da ɗakin kulawa ta musamman. Sai dai yawancin binciken waiwaye ne a fayilolin asibiti ɗaya ɗaya, kuma ba a tsayar da adadi guda da kowa ya yarda cewa daga nan haɗari ya fara ga sabon haihuwa ba.

Dalilan da suka sa nake cewa a karanta shi da taka-tsantsan suna da yawa. Jinin jariri yana sauyawa kullum a makon farko. Nutrofil kan kai ƙololuwa wajen awa 12 bayan haihuwa, sannan su sauko, zuwa ƙarshen makon limfosayit sun wuce su. NLR na kwana ɗaya da na kwana bakwai ba a gwada su da ma'auni ɗaya, ko a jariri mai cikakkiyar lafiya.

Sai kuma matsalar na'ura. Ƙananan lab da yawa suna amfani da injin da ke raba fararen ƙwayoyi gida uku kawai, za ka ga an rubuta LYM, MID da GRAN a takardar. GRAN yawanci nutrofil ne, ana iya lissafi da shi. Amma jaririn da ke fama da ƙarancin oksijin yakan fitar da jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, irin wannan injin kuma yakan ƙirga su a matsayin limfosayit. Sai NLR ya fito ƙasa, mai karatu ya saki jiki. Maganin wannan shi ne a roƙi ma'aikacin lab ya shafa jinin a gilashi ya duba da idonsa a madubin gwaji. A nan ne kuma zai ga yawan nutrofil da ba su nuna ba. Idan suka haura kashi ɗaya cikin biyar na dukkan nutrofil, ana zargin shigar cuta.

Akwai kuma abin da ya shafi masu ciwon zuciya kai tsaye. Wasu lahani, kamar wanda ake kira tetiraloji na Falo da katsewar babbar jijiya, sukan zo tare da wata matsalar ƙwayoyin halitta mai suna DiGeorge, inda ƙullin da ke renon limfosayit a ƙirji yake ƙarami ko babu shi. Irin wannan jariri limfosayit ɗinsa kaɗan ne tun asali, NLR zai hau ko da ba ya fama da komai. Yara masu larurar Down, waɗanda kusan rabinsu ke da ciwon zuciya, su ma kirgen jininsu kan bambanta. Magungunan sitiroyid da ake bayarwa wajen tiyata suna ɗaga nutrofil su sauke limfosayit.

Duk da haka ba zan bar FBC ba ko sau ɗaya, saboda yana ba da abin da sauran ba sa bayarwa. Yana nuna ƙarancin jini, wanda ke ƙara wa zuciya mai rauni aiki. Yana nuna kaurin jini, wato PCV, kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya haura kashi 65. Yana nuna faɗuwar ƙwayoyin daskarar da jini, wanda kan zama gargaɗi na farko idan cuta ta yi nisa ko hanji ya fara lalacewa. Ta fuskar juriya, jinin yana son a gwada shi cikin 'yan awanni, kuma idan ya ɗan daskare a kwalba, adadin ƙwayoyin daskarewa zai fito ƙasa da gaskiya. In sakamako ya saɓa wa abin da ake gani a jikin jaririn, a sake ɗiba kafin a firgita.

CRP

Furotin ne da hanta ke fitarwa idan kumburi ya tashi. Tsohon gwaji ne, tun 1930 Tillett da Francis suka gano shi a Amurka, kuma tsufansa alheri ne domin an san halinsa ciki da waje. Yakan fara hawa awa 6 zuwa 8 bayan matsala ta fara, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, idan an shawo kan abin kuma rabinsa kan ragu cikin kusan awa 19. A jarirai yawanci ana ɗaukar abin da ya haura miligiram 10 a lita a matsayin ya hau.

Jinkirinsa shi ne rauninsa. Jaririn da ya fara laulayi da asuba aka ɗebi jininsa da hantsi, CRP na iya fitowa daidai alhali cuta tana nan. Don haka CRP guda ɗaya ba ya wanke jariri. Ƙarfinsa yana cikin maimaitawa: idan aka yi sau biyu da tazarar kusan awa 24 duka suka fito ƙasa, kalca ba ta nuna komai ba, jaririn kuma yana warwarewa, likita yana da hujjar tsayar da allurai. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Haɗin da aka saba fara wa jarirai shi ne amfisilin da jentamaisin, jentamaisin kuwa yana iya taɓa ƙoda da ji, ƙodar jariri mai ciwon zuciya kuma dama ba ta samun isasshen jini. Kowace ranar allura da aka rage bisa hujja riba ce. Saboda haka wanda zai biya CRP ya ƙiyasta kuɗin sau biyu tun farko.

CRP iri biyu ake yi a wurarenmu, kuma bambancin yana da girma. Akwai na kati, inda ake haɗa ɗigon ruwan jini da wani farin sinadari a juya a ga ko zai yi gudaje. Wannan yana cewa ne akwai ko babu, yawanci daga miligiram 6 a lita, yana da araha amma ba ya nuna hawa da sauka sosai. Akwai na inji mai ba da adadi, shi ne wanda ya dace da jaririn da ake bibiya. Kafin a biya a tambaya: "Malam, naku mai ba da lamba ne ko na kati?" Idan sakamako ya fito a duba ma'aunin da aka rubuta a gefe. Wani lab yana rubuta mg/L, wani mg/dL, kuma 1 na biyun daidai yake da 10 na farkon. Jaririn da aka yi wa gwaji ɗaya a Daura aka maimaita a Katsina, ana iya ganin kamar ya samu sauƙi ko ya ƙara tsanani, alhali ma'auni ne ya bambanta.

Abubuwan da ke ɗaga shi ba cuta ba su ma a sani: doguwar naƙuda, shaƙar kashin farko a ciki, da 'yar hawan da ake gani a lafiyayyun jarirai a kwana biyu zuwa uku na farko. Bakwaini kuma CRP ɗinsa ba ya tashi da ƙarfi. Bayan tiyatar zuciya kowa nasa yana hawa, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku. Abin dubawa shi ne ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa. Wajen juriya ya fi sauran, domin ruwan jinin da aka tace yana iya kwana a firiji ba tare da ya lalace ba. Tsadarsa tsaka-tsaki ce, na inji yakan ɗara FBC.

PCT

Furokalsitonin ke nan, shi ma wani furotin ne a cikin jini. A 1993 aka wallafa binciken da ya nuna yana hawa sosai idan bakteriya suka shiga jini. Ya fi CRP sauri, cikin awa 3 zuwa 4 ya fara tashi, cikin yini guda ya kai ƙololuwa, kuma ya fi karkata ga bakteriya fiye da bairos. Idan magani na aiki yakan ragu da kusan rabi kowace rana. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2017, kan jarirai 1,710 da ake zargin cuta ta shige su a kwana uku na farko, ya nuna cewa bin PCT ya rage tsawon ba da magani da kusan awa goma. Binciken ba a kan masu ciwon zuciya aka gina shi ba, kuma an yi shi a asibitocin Turai da Kanada inda ake iya maimaita gwajin yadda ake so.

A wurinmu matsalarsa uku. Ya fi CRP tsada nesa ba kusa ba, shi ma kuma sai an maimaita yake da ma'ana. Ba ko'ina ake yin sa ba, yana buƙatar injinsa da sinadarinsa, wasu lab ma tura jinin suke yi wani gari, saurin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi a hanya. Na uku ya fi damuna. Lafiyayyen jariri PCT ɗinsa yana hawa da kansa bayan haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, sai bayan kwana biyu zuwa uku ya daidaita. Iyakar 0.5 da ake bugawa a takardar sakamako ta manya ce. A waɗannan kwanaki sai an duba jadawalin da ke bin awannin jariri. Ƙarancin oksijin da durƙushewar bugun jini su ma suna ɗaga shi, waɗannan kuwa su ne ainihin halin jaririn da jijiyarsa ke rufewa. Sai a ga adadi ya yi sama a ce cuta ce, a manta da zuciya.

Inda ya fi amfani shi ne bayan kwana uku na haihuwa, da kuma bayan tiyata. Yakan hau a rana ta farko bayan aiki ya fara sauka tun CRP bai gama hawa ba, don haka idan ya ƙi sauka ana zargin cuta da wuri.

IL-6 da ESR

IL-6 shi ne saƙon da ke sa hanta ta fitar da CRP. Yana tashi cikin awa ɗaya zuwa biyu, ya ɓace cikin yini, jininsa na buƙatar a tace a daskarar da wuri. Na ɗakunan bincike ne, kada iyali su kashe kuɗin mota nemansa. ESR kuwa, wato auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, yana ko'ina kuma yana da araha, amma yana cin jini, yana da jinkiri, kaurin jini kuma yana danne shi. A sabon haihuwa ba ya biyan jinin da aka ɗiba.

| Gwaji | Abin da yake nunawa | Saurin tashi | Tsada | Samuwa da juriya | Inda yake ɓatarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| FBC da NLR | Ƙarancin jini, kaurinsa, fararen ƙwayoyi, ƙwayoyin daskarewa | Cikin awanni | Araha | Kusan ko'ina. A gwada a ranar | Makon farko, DiGeorge, sitiroyid, ƙaramin inji |
| CRP | Kumburi, da ko yana sauka | Awa 6 zuwa 8 | Tsaka-tsaki, sau biyu | Manyan lab. Yana jure firiji | Farkon ciwo, bakwaini, bayan tiyata |
| PCT | Ya fi karkata ga bakteriya | Awa 3 zuwa 4 | Mai tsada | Wurare kaɗan | Kwana uku na farko, ƙarancin oksijin |
| IL-6 | Farkon kumburi | Awa 1 zuwa 2 | Mai tsada sosai | Ɗakin bincike | Saurin ɓacewa |
| ESR | Kumburi mai daɗewa | Kwanaki | Araha | Ko'ina | Kaurin jini |

Waɗanda ba sa cikin gasa

Abu uku ba a musanya su da ko ɗaya daga cikin na sama. Kalca, wato renon jini a kwalba don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, ita kaɗai ke faɗin sunan ƙwayar da maganin da zai kashe ta. Tana son mililita ɗaya, a ɗiba kafin allurar farko, sakamako kuma kwana ɗaya zuwa uku. Ba a jinkirta magani don jiranta.

Na biyu 'yar na'urar auna oksijin. A ɗaura a hannun dama, a ɗaura a ƙafa. Kashi 95 zuwa sama, da bambancin da bai wuce 3 ba tsakanin hannu da ƙafa, shi ne daidai bayan awa 24 da haihuwa. Ƙasa da 90 gaggawa ce. A baƙar fata shuɗin jiki ba ya fita sosai, sai a duba harshe da cikin leɓe, na'urar ma wani lokaci takan ɗan ƙara adadi, don haka 91 ko 92 ba abin a ce ba komai ba ne. Gwajin ba ya cin jini kuma minti kaɗan ne, ina ganin bai kamata a sallami mai jego daga kowane asibiti ba a yi shi ba.

Na uku hoton zuciya, eko. Shi ke faɗin sunan lahanin, sunan lahanin kuma shi ke faɗin ko jira za a yi, ko magani, ko a kama hanya. Shi ke nuna ko jaririn na buƙatar furostagilandin, maganin da ke riƙe jijiyar nan a buɗe. Maganin kansa yana iya kawo zazzaɓi da ɗaukewar numfashi, a nan CRP da aka maimaita yana taimakawa wajen raba zazzaɓin magani da na cuta. Inda ake auna laktet, wani sinadari da ke taruwa a jini idan oksijin bai ishi gaɓoɓi ba, shi ya fi gwaje-gwajen kumburi nuna ko jini na isa gaɓoɓi.

Wa ya dace da wanne

Jaririn da bai kai kwana uku ba, oksijin ya yi ƙasa ko numfashi ya haura 60 a minti: a auna hannu da ƙafa, a ɗebi kalca da FBC da huda ɗaya, a fara magani, a nemi eko. CRP ya biyo baya bayan awa 12 zuwa 24. PCT a wannan lokaci kuɗi ne mai yawa a kan amsar da ke da wuyar karantawa.

Wanda yake asibitin ƙauye ko ƙaramar hukuma, inda babu mai ɗaukar hoton zuciyar jariri: kuɗin mota da na eko su ne gaba. A kama hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua, in an tura gaba kuma sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mutanen Daura kan isa ta Kazaure. A tafi da takardar turawa da duk sakamakon da aka yi, a rubuta ranar da awar da aka ɗebi jinin a jikin kowanne, a rufe jaririn a ƙirjin uwarsa kada ya huce a hanya. Kwana guda ana jiran sakamakon da aka tura wani gari ya fi kuɗin gwajin tsada.

Wanda an riga an san lahaninsa, yana gida ana jiran ya yi nauyi kafin aiki: ba ya buƙatar gwajin kumburi a kai a kai in yana lafiya. Ma'aunin nauyi da oksijin sun fi faɗin gaskiya, FBC kuma lokacin da likita ya ce. Amma ranar da jikinsa ya kai digiri 38, ko ya sauka ƙasa da 35.5, ko ya ƙi nono, ko ciki ya kumbura, ko aka ga jini a kashinsa, a tafi asibiti a ranar, FBC da CRP mai lamba da kalca. A irin wannan gida ina roƙon kakanni su haƙura da kiran wanzami don cire hakin wuya ko tsaga, cibiya kuma a bar ta da man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti, domin kowace kafa a jikin wannan jariri hanya ce ga ƙwayar cuta ta isa zuciya.

Wanda yake kan allurai ana tunanin ko a tsayar: CRP biyu a lab ɗaya, a haɗa da sakamakon kalca. PCT ya shigo idan jaririn ya wuce kwana uku, ana yin sa a cikin asibitin, iyali kuma za su iya biyan sau biyu ba tare da sun taɓa kuɗin eko ba.

Wanda aka yi wa tiyata, a Legas, Abuja ko Indiya: a kwanakin farko cibiyar ce ke da tsarinta, a can PCT da NLR na kullum suke da ma'ana. Kafin a baro, a karɓi adadin CRP da FBC na ranar sallama a rubuce, domin da shi likitan gida zai gwada idan zazzaɓi ya taso ko wurin ɗinki ya yi ja.

Wanda kuma kuɗinsa bai kai ko'ina ba, takardu huɗu a hannu, ya koma wurin wanda ya rubuta su ya ce: "Likita, ranka ya daɗe, abin da ke hannuna ke nan. Wanne ne a ciki zai canza maganin da ake ba shi yau, wanne ne zai iya jira gobe?" Ya kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai rangwame, ya duba ko inshorar lafiyar uwa ko ta uba tana ɗaukar jaririn.